Na'urori uku na gwada wajen juye tsofaffin kaset ɗin gidanmu zuwa DVD, ɗaya ce ta ci kuɗinta

Inna ce ta jawo wagga magana. Bayan sallar layya muna zaune tsakar gida nan Badariya ana ta suyar nama, sai tac ce mani, "Wai kai, kaset ɗin da anka ɗauki babanku ranar da yad dawo Makka, shina nan ko kun bar yara sun yi mota da shi?" Nac ce shina nan Inna, alhali wallahi a lokacin ban san inda yake ba. Baba ya rasu an kwana biyu, hotunanshi muna da su da dama, amma muryarshi da yadda yake tafiya da dariyar nan tashi babu inda suke sai cikin wancan kaset.

Kwana uku ina bincike kafin in same su cikin wani akwatin ƙarfe bisa sif ɗin ɗakin baƙi, kaset 23 cif, an rubuta ma kowane suna da biro a jikin takardar gefe. Dawowar Alhaji 1999, bikin yayarmu, walimar saukar ƙanena, sai guda biyu na kamun kifin Argungu da wani ya ɗauko daga bakin Matan Fada, sauran kuma yawanci finafinai ne da wa'azi da ban damu da su ba don ana samunsu wani wuri.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, an daina ƙera injin bidiyon kaset kwata-kwata. Kamfani na ƙarshe da ke yin shi, Funai na Japan, ya tsaya tun watan Yulin 2016, shi kuma tsarin kaset ɗin kanshi, wato VHS, JVC ne sunka fito da shi tun 1976. Ke nan duk wanda yac ce zai sayar maka da sabo dal a leda, to ko dai tsohon ajiya ne ko kuma an wanke shi an goge an sa mashi leda. Duk abin da za ka saya na hannu ne, ɗan Kwatano ko wanda ya shekara ashirin da wani abu a ɗakin wata hajiya ƙarƙashin kwalla.

To ni da yake ban san komai ba, da hanyar arha na fara. Akwai wani ɗan abu baƙi kamar filashi, ƙato kaɗan, da jela huɗu a gindinshi, ɗorawa ta hoto, ja da fara na sauti, sai wata baƙa mai ƙananan huji da ake ce ma S-Video. Ka soka shi a laftof, ka haɗa wayoyin da bayan bidiyo, shi ke nan wai. Kuɗinshi bai kai na cika tankin babur sau biyu ba, na saye shi ta intanet aka sako mani shi a mota na je tasha na amsa ina ta murna. Ba zan kira sunan da ke jikin kwalin ba don ba shi da amfani, kamfanoni barkatai ke yin irinshi da kwali iri ɗaya, abin da ke cikin cikinsu ne ya bambanta, kai da maƙwabcinka kuna iya sayen iri ɗaya a ido, nashi ya yi aiki naka ya ƙi.

Wahala ta farko, manhajar da ke tada shi tana kan wani ɗan mitsitsin faifai, ni kuma laftof ɗina irin na yanzu ne ba shi da wurin sa faifai. Sai da na je shagon wani yaro mai tura waƙa ya kwafe mani a filashi. Na sa, hoto ya fito baƙi da fari shina ta birgima sama kamar ana jan guga, na ɗauka kaset ɗin ne ya mutu har gabana ya faɗi, ashe saitin ne ke kan NTSC, tsarin Amurka, mu kuma nan PAL muke amfani da shi irin na Ingila da Jamus, hoto 25 a daƙiƙa ɗaya. Da na mai da shi PAL kala ta dawo. Wanga kam laifina ne ba na na'ura ba.

Amma wanda ya ƙure ni shi ne sauti. Minti goman farko lafiya lau, kafin a kai awa ɗaya sai ka ga bakin Baba ya gama magana ya rufe sannan muryar ke zuwa daga baya kamar fim ɗin da anka yi ma fassara. Kuma duk inda mai kamara ya tsaya ya sake kunnawa, ko inda zaren ya ɗan tattare, sai allon ya koma shuɗi na ɗan lokaci. Daga baya wani dattijo mai gyaran talabijin a bayan babbar kasuwa, wanda ya yi zamanin gyaran bidiyon National tun muna firamare, shi ya fahimtar da ni. Yac ce, "Ɗana, kaset ba ya tafiya daidai kamar agogo, zaren shina ɗan ja shina ɗan saki, layukan hoton ba su zuwa kan lokaci. Tsohuwar talabijin mai ƙeya haƙuri gare ta, ta saba, ita ko kwamfuta ba ta san uzuri ba, hoton da ya makara sai ta yar da shi." Idan tana zubar da hoto sauti kuma shina tafiya abinshi, ai dole a rabu a hanya. Abin da ke gyara wanga matsala shi ake kira TBC, mai daidaita lokacin layukan hoto, kuma ɗan abin nan mai arha ba shi da shi.

Hukuncina a kanshi, in kaset ɗinka ɗaya ne ko biyu, masu lafiya, gajeru, kuma kawai kana son ka tura ma dangi su gani a waya, zai iya fid da kai. In kuwa kaset ne na wanda ba ya duniya, kar ka dogara da shi. Akwai irinshi na kirki da masu sana'ar ke yabo, kamar I-O Data GV-USB2 da Hauppauge USB-Live 2, amma sai an yo maka odarsu daga waje kuma su ma sun fi son a haɗa su da abin da ke daidaita hoton.

Af, kafin in manta, akwai ƙaramin akwatin nan da ake tallatawa wai shina mai da AV zuwa HDMI, an rubuta 1080p ɓaro-ɓaro a jiki. Ba ya ƙara ma hoto komai jama'a. Hoton VHS kaifinshi bai wuce layi 240 ko kusa da haka ba, akwatin buɗa shi kawai yake yi ya cika allo, sau da yawa ma sai ya ja shi ta gefe fuskar amarya ta koma kamar faranti, tunda kaset 4:3 ne talabijin ɗin yanzu kuma 16:9.

Hanya ta biyu, na aro wata na'ura mai baki biyu wurin wani abokin Kawu da ya yi sana'ar ɗaukar biki shekaru, gefe ɗaya kaset gefe ɗaya DVD, ka danna maɓalli guda ta juye da kanta. Gaskiya a sauƙi babu kamarta, ko Inna za ta iya. Sauti da hoto kuma tare suke tafiya ba mai barin wani. Sai dai abu biyu sunka ɓata mana. Na ɗaya wuta. Juye kaset ba kamar tura waƙa ba ne, in kaset ɗin awa uku ne to awa uku za ka zauna, babu gaggawa babu tsallake, kuma ita wagga na'ura kai tsaye take rubutawa kan faifan, da an ɗauke wuta a tsakiya faifan ya tashi aiki, ba ya karantuwa ba ya sake rubutuwa. Faifai huɗu na yi asara haka, ɗaya ma saura kamar minti takwas ya ƙare, ina kallon Gwaggo tana rangaɗa guɗa sai ɗif. Na tada janareta shi kuma da firij ya tashi sai wutar ta yi ƙasa na'urar ta mutu ta sake kunnuwa, faifai na biyar ke nan.

Na biyu rimot. Mai ita ya ce rimot ya ɓace tun tuni amma ai ba komai duk maɓallan na jiki. Ashe akwai komai. In ka gama juyewa dole ka rufe faifan, abin da suke cewa fainalaiz, in ba haka ba babu injin da zai karanta shi sai wanda ya rubuta shi, kuma a wannan na'urar ba ka isa wurin sai ta cikin menu, menu kuma sai da rimot. Na kai ma yayata faifan bikinta har Jega da ɗokina, ta sa a DVD ɗinsu yac ce babu faifai. Kunya kamar in nutse. Sai da na samo rimot ɗin nan mai shiga kowace na'ura muka yi ta gwada lambobi ni da ƙanena har dare. Don haka duk wanda zai sayi irin wagga, in babu rimot a rage kuɗi sosai ko ka bar ta.

Hanya ta uku ita na tsaya a kai, kuma ita nake ba kowa shawara. Na raba aikin biyu, injin bidiyo mai kyau daban, rikodar DVD mai rumbun ajiya a ciki daban. Dattijon nan mai gyara shi ya samo mani duka biyun. Bidiyon mai hed shida ne, wato 'yan abubuwan da ke karanta zaren kaset, Hi-Fi, irin multi-sistem ɗin nan mai karanta PAL da NTSC duka da alhazai ke shigowa da su da can, ya canza mashi bel da ɗan robar da ke matse zare ya wanke hed ɗin. Rikodar kuma Panasonic ce cikin jerin DMR-EH, mai had-dis 160GB, daga Jamus tat taho don duk rubutun menu da Jamusanci munka same shi sai da munka lalubo inda ake canza harshe. Bayanta irin soket ɗin Turai ne mai faɗi, SCART, mai ƙafa 21, sai an sa ɗan adafta da ke mai da shi ɗorawa da ja da fara. A kula, adaftan akwai mai ɗan makunni na shiga da fita, in shina kan fita ba za ka ga komai ba, mun ɓata kusan awa ɗaya kan wanga ɗan abu.

Daren farko da na sa kaset ɗin dawowar Baba na san kuɗina bai tafi banza ba. A laftof saman hoton lanƙwashe yake, ƙofar zauren gidanmu ta karkace kamar za ta faɗi, hular Baba tana rawa. Da ya bi ta cikin rikodar sai ƙofar ta miƙe tsaf, rawar ta tsaya. Ba mamaki, don masu wanga aiki a ƙasashen waje har neman Panasonic DMR-ES10 da ES15 suke yi musamman saboda wannan daidaitawar, ko da wurin rubuta faifansu ya mutu, su bi da hoton ta ciki kawai ya fita zuwa kwamfuta. Ban ce ya koma kamar hoton wayar yanzu ba fa, kaset kaset ne, akwai ɗan layin nan mai tsatsa a can ƙasan allo da ba ya fita, kala ja kuma tana ɗan malala, jan lallen hannun mata da jar darduma duk sun ɗan zubo gefe. Amma fuska ta fito, ana gane kowa, har yaron da ke leƙe ta bayan motar da ta kawo Baba mun gane shi, yanzu 'ya'yanshi huɗu.

Daɗin rumbun ciki shi ne can kake fara juyewa ba kan faifai ba. In wuta ta tafi babu faifan da ya lalace, ka koma inda ka tsaya ka ci gaba. Kuma kana iya yanke abin da ba ka so, kamar minti ashirin da mai kamara ya manta ta a kunne tana ɗaukar ƙasa da takalman mutane a ƙofar masallaci. In ka gama gyara sai ka tura kan faifai cikin 'yan mintuna, kofi nawa kake so. Ni dai daga baya na jona duka biyun a inbatar sola ta gidan, ba su cin wuta sosai, hankalina ya kwanta.

Maganar awa nawa faifai ke ɗauka, nan mutane ke cutar kansu. DVD-R na yau da kullum 4.7GB ne. Rikodar tana da matakan ingancin hoto, a XP mafi kyau awa ɗaya yake ɗauka, SP awa biyu, LP awa huɗu, EP kuma shida ko ma takwas. Kaset ɗinmu yawanci E-180 ne wato awa uku, akwai E-240 mai awa huɗu. To sai mutum ya ga faifai ɗaya zai iya cinye kaset biyu a EP ya ce ya ci riba. Na gwada da kaset ɗin Argungu don in gani, wurin da anka busa mutane sunka ruga cikin ruwa da goruna da homa, dubban mutane ga ƙura ga ruwa na fantsama, wallahi hoton ya farfashe ya koma 'yan murabba'i kamar tayil, ba ka bambance mutum da gora. A SP kuwa ras. Don haka ni SP nake yi, kaset mai awa uku in raba shi faifai biyu, faifai ai ba shi ne mai tsada ba.

Inda rikodar take da nauyi, na'ura ce ta wancan zamani, hanyar fitar da abin da ke rumbunta ita ce ta faifai, ke nan in kana son shi a waya sai ka ƙara aiki. Na sayi ɗan injin DVD na waje mai USB na jona a laftof, na kwafe abin da ke cikin faifan, na sa manhajar HandBrake, kyauta ce, ta mai da shi MP4. A ciki ka tabbata ka kunna abin da ke haɗe layukan hoto, in ba haka ba duk wanda ya motsa hannu sai ka ga gefenshi ya yi haƙora kamar matajin kai. Wajen turawa a WhatsApp kuma a tura shi a matsayin dokumen, shina ɗaukar har 2GB, in ka tura shi a matsayin bidiyo zai matse shi duk wahalarka ta tafi.

Kuma kar wanda ya yar da kaset don ya juye a faifai. Faifan da ake rubutawa a gida wani sinadari ne a cikinshi da zafi da rana ke ci, ga karcewa, mu kuma nan Kebbi a watan Afrilu zafi na wuce 40, ka bar faifai a gaban mota yini ɗaya ka gani. Ni kowane kaset kofi biyu na yi mashi, faifai na Inna, kofi a had-dis na waje da ke ɗakina, sai mafi muhimmanci guda biyu na ɗora a Google Drive tunda suna ba da 15GB kyauta. Kaset ɗin kuma na mai da su akwati a tsaye kamar littattafai.

Sai hunhuna. Cikin 23 ɗin nan, biyar in ka leƙa ta gilashin sai ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a jikin naɗin zaren, damina ce ta shige su. Kar ka kuskura ka sa irin wannan a injinka mai kyau, zai toshe hed nan take hoto ya koma yayyafi, kuma ya shafa ma kaset ɗin da zai biyo baya. Dattijon yana da wani mataccen bidiyo da ya cire ma murfi don wanga aiki kawai, shina juya zaren gaba da baya shina tare shi a hankali da ƙyalle mai laushi, a waje yake yi da takunkumi a hanci. Hed kuma yac ce kar in taɓa shi da auduga, zaren audugar na kama shi ya karye, farar takarda yake ɗiga ma sinadarin nan da masu gyaran waya ke wanke injin waya da shi, ya dafa a hankali ya juya gangar da yatsa, ba a gogawa sama da ƙasa. Huɗu sun tashi, ɗaya zaren ya manne da juna ya tsinke, na wani suna ne, mun haƙura.

In za ka sayi injin, tafi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, kar ka fara gwaji da na bikin uwarka, don injin da ya daɗe a ajiye taunar zare yake yi. Ka sa, ka yi gaba ka yi baya har ƙarshe, ka fitar ka sake sawa sau uku, ka buɗe murfin kaset ɗin ka duba ko gefen zaren ya tattare. Ka tambaya ko shina karanta LP, don masu ɗaukar biki da yawa a LP suke yi kaset ɗaya ya ɗauki kamu da ɗaurin aure da kai amarya gaba ɗaya. Ka leƙa bayanshi, in ka ga 120V na Amurka ne, wutarmu za ta ƙone shi kuma ko ka sa mashi tiransifoma ba zai karanta PAL ba. Sannan kowane kaset kafin ka sa shi ka ɓalle ɗan harshen nan na roba da ke gefenshi, in babu shi ko yaro ya danna jan maɓalli ba abin da zai goge.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai ma Inna nata faifan. Ta sa anka kira Gwaggo da matan gidan, anka shimfiɗa tabarma a falo. Da anka zo inda Baba ya fito daga mota da farar jallabiya da haƙorin Makka shina ɗaga ma mutane hannu, sai ya juyo yac ce ma wani a kawo ma baƙi ruwa, falon ya yi tsit, Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Can sai tac ce, "Mai da shi baya kaɗan." Na mayar. Sau huɗu muna maimaita wurin, jikokin da ba su san shi ba suna ta tambaya wai mi ya sa haƙorin Alhaji ke walƙiya.

Saura guda biyu ƙanana da na tsinta a ƙasan akwatin, ban ma lissafa su cikin 23 ɗin ba. Da farko na ɗauka VHS-C ne, irin wanda ake sakawa cikin adafta mai siffar babban kaset ya shiga bidiyo, ashe Hi8 ne aka rubuta a jiki, shi kuma babu adaftan da ke shigar da shi bidiyo, sai an samu kamarar da ke cin irinshi an jona ta a rikodar. Dattijon ya ce akwai wani tsohon mai hoto a Argungu da yake jin har yanzu shina da ita a ajiye, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan bi shi can da kaset ɗin a aljihu.